Highlander ko Pilot? Corolla ta yi mana kaɗan, ina neman shawarar waɗanda suka riƙe

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka taɓa riƙe matsakaiciyar jif a nan Legas. A Agege nake zaune, ina harkar albasa a Mile 12. Corolla 2006 nake ja, ba ta taɓa ba ni kunya ba, amma yara uku ne yanzu, uwargida na da juna biyu, Hajiyarmu kuma za ta taho daga Funtuwa ta zauna da mu har bayan arba'in. Mu bakwai ke nan in jariri ya iso lafiya.

In na sayar da Corolla na haɗa da abin da ke hannuna, miliyan 17 ne ƙarshen ƙarfina, ko sisi ba zan iya ɗorawa ba. An nuna min Highlander 2011 da aka yi amfani da ita a nan gida, da Honda Pilot 2012, wani kuma yana ta cusa min Santa Fe 2013. Abin da nake son sani: kujerar can baya, mutum zai iya zama a kanta har Funtuwa? Yaya shan mai a gosulo, wato cunkoson motoci? Sannan layinmu ruwa na kwanciya da damina.

Ɗan Obalende:
Wa alaikumus salam. Lexus RX350 kawai ka saya ka huta. Ba motar da ta kai ta laushi a hanya.

Alhaji Mai Shanu:
Ka daure ka ƙara kuɗi ka ɗauki Prado. Hanyar Arewa sai Prado.

Maman Hanan:
Malam ya ce su bakwai ne, ya kuma faɗi iyakar kuɗinsa. RX350 mutum biyar take ɗauka, sai a 2018 aka fito da doguwar mai layi uku, ita kuwa kuɗinta ya yi gaba.

Baban Khalifa, mu Highlander 2010 ce a gidanmu, ni nake kai yara makaranta da ita daga Ikorodu. Kujerar can baya ta yara ce. Ƙanwata ta zauna a kai daga nan zuwa Ilori, da muka tsaya salla sai da aka kama hannunta ta sauko, gwiwa ta riƙe. Kada ka sa Hajiya a wurin, ka sa manyan yaran biyu. Abin da zai fi ba ka mamaki but ne: da zarar an ɗaga kujerar nan, wurin kaya bai wuce na jaka biyu da kular abinci ba. Tamu kujerar a haɗe take, ko ka ɗaga duka ko ka kwantar duka. Daga 2011 suka raba ta biyu, za ka iya zaunar da yaro ɗaya a gefe ka jera kaya a ɗaya gefen. In tafiyar gida ce dai sai kun ɗaura kaya a sama.

Sadiku Ijora:
Miliyan 17 ai tokunbo za ka samu, wato wadda aka shigo da ita bayan an yi amfani da ita a ƙasar waje, me ya kai ka ta hannu? Maƙwabcina a miliyan 9 ya sayi 2012 fes.

Dilan Apapa:
A wace shekara? Faɗi shekarar tukuna.

Sadiku Ijora:
2022 ina jin.

Dilan Apapa:
To ka gani. Lokacin dala a banki ba ta kai naira 500 ba. Bayan an saki naira a Yunin 2023 har ta haura 1,500, duti kuma da farashin dala ake lissafa shi. Tun da aka koma kimanta mota da lambar VIN, wato lambar shaida da kamfani ke buga wa kowace mota, a 2022 ma aka daina samun irin sauƙin da. Yau ka shiga kasuwar motoci ta Berger, tokunbo 2011 mai tsafta in an yi maka mutunci miliyan 21 zuwa 23. Ta gida mai lafiya 13 zuwa 15.

Ɗan Obalende:
Ƙarya ne wallahi, satin nan aka yi wa yayana tayin 2012 a miliyan 18 a Festac.

Dilan Apapa:
Ka ce ya biya da wuri kafin mai ita ya farka. Amma ya fara duba takardun kwastan. Tun Janairun 2017 aka hana shigo da mota ta iyakar ƙasa, duk wadda aka ce maka 'yar Kwatano ce mai araha, ka tambayi ta ina ta bi.

Abu Sumayya:
Ku bar maganar farashi. Baban Khalifa, ka saurare ni, don abin da ya same ni ba na fatan ya sami ko maƙiyina.

A 2023 na sayi Highlander 2013 tokunbo. Ɗan garinmu ne ya kai ni wurin dilan, mutumin da muke sahu ɗaya da shi a masallaci a Idi-Araba, ya dafa ƙirji ya ce motar nan kamar daga kamfani. Fenti na sheƙi, kujerun fata ba ko ƙwarzane, mil ɗin da ke kan agogo kaɗan. Abu ɗaya ne: ƙamshin turaren mota ya yi yawa, har yana hawa kai. Na yi magana, aka ce ai wanki aka yi mata na musamman.

Da farko lafiya lau. Sai gilashin baya ya fara sauka da kansa. Sai fitilun dashbod su kama gaba ɗaya su mutu. Ranar da ba zan manta ba, muna kan gadar Third Mainland da iyali, ana tsuga ruwa, magariba ta kawo kai, motar ta ɗauke ɗif a tsakiyar hanya. Ba hon, ba fitilar gargaɗi, gilashi ɗaya a buɗe ruwa na dukan 'yata. Motoci na wucewa ta gefenmu a guje. Matata salati kawai take yi.

Da aka ja ta zuwa wurin mai gyaran waya, ya kwance kujerar gaba ya ɗaga kafet. Na ga abin da idona: busasshen taɓo ya kwanta a ƙasa, da farin yashi irin na bakin teku, kawunan wayoyi duk sun yi kore. Ya ja bel ɗin kujera har ƙarshe, ga shatin ruwa nan a jiki, layi guda. Aka buga lambar VIN, sai ga hotonta a filin gwanjo a Amurka, an rubuta ambaliya ce ta cinye ta a Florida, guguwar 2022.

Na koma wurin dila ya ce ciniki ya faɗa, shi ma haka ya saya. Ɗan garin namu ya daina ɗaga wayata, ya sauya masallaci. Na kashe sama da miliyan 3 a waya da na'urori, ana gyara nan can na ɓallewa. Ƙarshe na sayar da ita da mummunar asara, na kuma gaya wa mai sayen gaskiya, don ba zan ɗora wa wani abin da aka ɗora min ba. Har yau in na tuna kuɗin filina na Zariya ne ya tafi a haka, barci ƙaurace min yake.

Maman Hanan:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya mayar maka da alheri, Abu Sumayya.

Alhaji Mai Shanu:
Allah ya isar maka. Shi ɗan garin naku nawa aka ba shi la'ada?

Abu Sumayya:
Daga baya na ji dubu 400 ya karɓa. A kan dubu 400 ya sayar da zumuncin shekaru.

Dilan Apapa:
Abin ba daɗi, amma kada a yi mana kuɗin goro. Ai akwai rahoton Carfax, mai nuna tarihin mota tun daga Amurka. Duk mai sayen tokunbo ya karɓi VIN ya duba da kansa kafin ya tura ko kobo. Ni nakan ba mutum lambar tun kafin ya tambaya.

Abu Sumayya:
Haka shi ma wancan yake magana, da taushin baki. Baban Khalifa, kada ka karɓi shawarar mota daga wanda abincinsa ke cikin cinikin.

Oga Ilu Bakanike:
Ranka ya daɗe Baban Khalifa, bari in amsa abin da ka tambaya, don kullum a ƙarƙashin motocin nan nake wuni.

Highlander ta 2008 zuwa 2013 inji biyu aka fi gani. Akwai mai fulogi shida, 3.5, akwai mai fulogi huɗu, 2.7. Mutane na rububin mai huɗun don sauƙin mai, amma in ka loda mutum bakwai da kaya ka kunna esi ka kama hawa, za ka ji tana nishi, man da ka ce za ka rage sai ya tafi a taka totur. Mai shidan sarƙa ce a injinta, ba bel ba. Abin dubawa famfon ruwa, yakan fara tsatsafo, ka leƙa ko akwai busasshen ruwan hoda a gefen injin.

Pilot ta fi faɗi, mutum takwas take ɗauka, kujerar bayanta babba zai zauna, but ɗinta ma ya fi. Amma bel ne a injinta, ana sauya shi wajen mil dubu 100. In mai ita bai nuna maka shaidar ya sauya ba, ka sa kuɗin a lissafi tun yanzu, don in ya tsinke a hanya injin ne ya tafi. Tana kuma da tsarin kashe wasu silinda don rage shan mai, shi ke sa robobin da inji ke zaune a kai saurin mutuwa. Man giyarta nata ne na Honda, ba a yi mata haɗe-haɗe.

Santa Fe 2013 kala biyu ce, gajera mai kujera biyar da doguwa mai bakwai, ka tabbatar wacce ake nuna maka. Kayan Toyota kuwa ko'ina akwai, daga kasuwar kayan mota ta Ladipo har Funtuwa. In ta tsaya maka a Mokwa ko Tegina za ka sami wanda ya san ta.

Injiniya Bashir:
Da girmamawa Oga Ilu, bakanike motar da ta lalace kawai yake gani. Pilot 2011 nake ja tun kafin korona, Legas zuwa Sakkwato, ban taɓa kwana a hanya ba. Wanda ya riƙe mota shekaru shi ya san halinta. Kun mayar da Toyota kamar addini, shi ya sa kuɗinta ya fi ƙarfin talaka.

Oga Ilu Bakanike:
Injiniya, kai mota ɗaya ka sani. Ni ɗaruruwa suka bi ta hannuna.

Sadiku Ijora:
Ni dai tambayata, kujera bakwai ɗin nan duk ta yara ce, ko ana share wa amarya wuri ne? Baban Khalifa faɗi gaskiya, mu fara ɗinkin anko.

Ɗan Obalende:
Ai shi ya sa Pilot ta fi, takwas ce. Akwai kujerar amarya har da ta 'yar rakiya.

Maman Hanan:
Matar mutum na fama da tsohon ciki kuna wannan zance. Ku ji tsoron Allah. Kuma duk gardamar nan ba wanda ya ce a tafi da ita ta gwada hawa da sauka, ta ga inda za ta ɗaura kujerar jariri. Ita za ta fi kowa zama a motar.

Batun mai da ya tambaya: tankinmu lita 70 da 'yan kai yake ci. Kafin a cire tallafi a Mayun 2023 da dubu 14 muke cika shi, bayan an cire sai da kuɗin ya ninka sau huɗu ko biyar. Wanda ya saba da Corolla zai ji a jikinsa, musamman in ya tsaya a gosulon Ketu da esi a kunne.

Malam Tasi'u:
Ni Sienna zan ce. Ƙofar zugewa, wurin kaya kamar ɗaki, tsohuwa za ta shiga ba sai an ɗaga ta ba.

Injiniya Bashir:
Ya ce ruwa na kwanciya a layinsu, Sienna kuwa ƙasa-ƙasa take. Ko jif ɗin ma ba jirgin ruwa ba ce, in ruwa ya haura rabin taya a juya.

Abu Sumayya:
Wannan ta gidan ma da kuke yabo, wa ya ce ba ta sha ruwan Lekki ba? Duk damina motoci nawa ke nutsewa a can, a busar a kawo kasuwa? Ita ko hoton gwanjo ba za ka samu ba. A ɗaga kafet, a ciro safaya taya a duba ramin, a leƙa ƙarfen da kujera ke gudu a kai ko ya yi tsatsa. In mai ita ya hana a ɗaga kafet, ka kama gabanka.

Alhaji Mai Shanu:
Kuma ka duba indomi, wato abin tace hayaƙi da ke cikin tukunyar salansa. Ni a garejin da na shekara ina kai mota aka kwashe min. Na kai gyaran birki, na dawo na ji salansa na ƙara kamar janareto, mai kuma ya riƙa zurarewa. Da aka buɗe tukunyar, wayam, an fasa an zazzage an yi walda an shafa mata toka don kada a gane sabon ɗinki ne.

Malam Tasi'u:
Ni cire min tamostat aka yi, abin nan mai daidaita zafin inji, ba da sanina ba, aka haɗa fanka kai tsaye, wai ƙasarmu da zafi. Tun daga nan motar ba ta ƙara daidai ba.

Oga Ilu Bakanike:
Masu yin haka ɓata mana suna suke yi. Amma ku ma masu mota, a ce kaya na asali dubu 80, ku ce a nemo na dubu 25, in ya mutu a wata biyu ku ce bakanike ɓarawo ne.

Alhaji Mai Shanu:
Indomin nawa ma ni na ce a nemo mai araha?

Baban Khalifa:
Na gode ƙwarai 'yan'uwa, Allah ya bar zumunci. Mai Highlander ɗin ya sauko zuwa miliyan 14 da rabi, ya ba ni zuwa Asabar. Mai Pilot yana kan 12. Oga Ilu, za ka iya raka ni Ogba mu ɗaga kafet ɗin? Kuma har yanzu ban ji wanda ya yi tafiyar Arewa da mutum bakwai a Highlander ba.

Abu Sumayya:
Ko da Oga Ilu za ka je, kada ka bari su keɓe da mai motar. Ba da kai nake ba Oga, amma ni na ga abin da na gani.

Oga Ilu Bakanike:
To in ba a yarda da ni ba a nemi wani. Ba zan bar aikina in je a riƙa gadina ba.

Sadiku Ijora:
Alhaji, yanzu nawa ake sayar da indomin Highlander a Ladipo? Tawa ma tun da na karɓo ta daga wankin inji ƙararta ta sauya, kuma yaron garejin ya yi sabuwar waya.