Neman kalmar Hausa: me za mu kira «division», «montée» da «relégation»?

Assalamu alaikum, malamai da ƴan uwa masu kishin harshe. A fadarmu ta nan Yamai, duk sanda kakar ƙwallon ƙafa ta doshi ƙarshe, hira takan koma kan ƙungiyar da za ta yi «montée», wato ta haura «division» ko matakin gasa na sama, da wadda «relégation» za ta ci, wato ta sauka na ƙasa, har ma dattawan da ba su taɓa zaman lakwal ba da waɗannan kalmomi na Faransanci suke magana. Na kawo batun nan ne domin mu samo musu Hausa.

Kafin a raɗa wa abu suna, sai an san kamanninsa. Mu ɗauki gasar League One ta Ingila, wadda ita ce ta uku daga sama: ƙungiyoyi 24 ne, kowace tana buga wasa 46, gida da waje, daga Agusta zuwa Mayu, nasara maki uku, kunnen doki maki ɗaya. Biyun da suka fi maki suna wucewa gasar da ke sama kai tsaye, ta uku zuwa ta shida su kara a tsakaninsu don gurbi ɗaya da ya rage, huɗun ƙarshe kuma su sauka zuwa gasar da ke ƙasa. Abin lura shi ne yawan ƙungiyoyin ba ya canzawa, don haka babu mai shiga sai wata ta fita.

Wani ɗan uwa ya tuna mini cewa masu labarin wasanni kan ce wa irin waɗannan gasanni na ƙasa «gasar ƴan dagaji». Wannan lafazi ban yarda da shi ba ko kaɗan. Ɗan dagaji shi ne wanda bai ƙware ba, mai koyo, alhali waɗannan ƴan wasa da ƙwallo suke ci da iyalinsu, a kan kwantiragi da albashi. Leicester ta buga League One a kakar 2008 zuwa 2009, ga shi a 2016 ta ɗauki kofin Firimiya. Haka nan yaranmu na Tawa da Maraɗi da Damagaram, da ke shan rana da doguwar tafiya suna neman shiga babbar gasar FENIFOOT, hukumar ƙwallon ƙafa ta Nijar, ba su cancanci sunan raini ba.

Wani malamin makaranta daga Tawa ya ba da shawarar «aji», wato a ce wuce aji da faɗuwa aji. Malam, shawararka tana da daɗin faɗi, amma akwai cikas biyu. A bakin Bahaushe ajin ɗaya shi ne na ƙananan yara, a ƙwallo kuwa na ɗaya shi ne ƙololuwa. Sannan ɗalibin da ya faɗi maimaita ajinsa yake yi, ba a mayar da shi na baya. «Ƙarin girma» da «rage girma» kuma na ma'aikata ne da sojoji, inda wani shugaba yake sa hannu, ba maki ke yanke hukunci ba. «Rukuni» ya riga ya zauna wa rabon ƙungiyoyi a gasar cin kofi, kada mu ɗora masa kaya biyu.

Tawa shawarar ita ce «sahu». Sahun farko shi ne mafi daraja, na biyu yana bin sa, na uku yana bayansu, lissafin ya yi daidai da na ƙwallo ba tare da an yi wa kowa bayani ba. Kowa ya san cewa sahu yana da iyakar mutanen da yake ɗauka, kuma idan wani ya fita daga na gaba, na bayansa ne yake matsowa ya cike gurbin. Ke nan sai mu ce ƙungiya ta shiga sahun gaba, ko ta koma sahun baya. Karawar da Faransawa ke kira «barrage» kuma mu bar ta a wasan cike gurbi, tun da kunne ya saba da shi.

Wani dattijo da nake girmamawa ya ce zuciyarsa ba ta kwanta ba, domin sahu na masallaci ne. Baba, na ji uzurinka kuma na ɗauke shi da nauyi, sai dai sojoji ma sahu suke yi, kuma mun daɗe muna cewa wane yana sahun gaba a kasuwanci ko a ilimi, ba tare da kowa ya ga an taɓa alfarmar salla ba.

Kalmar tana da wani amfani da ya ƙara kwantar mini da hankali, shi ne rarrabe wadda ta koma da wadda aka mayar. Bordeaux, da ta ci kofin Faransa na lig sau shida, ba ƙarancin maki ya kai ta gasa ta huɗu a 2024 ba, matsalar kuɗi ce ta sa hukuma ta yanke mata hukunci. A Hausarmu sai mu ce an mayar da Bordeaux sahu na huɗu, Luton ta Ingila kuwa, da makinta ya gaza a 2024 da 2025, ita ce ta koma baya sau biyu a jere.