Neman kalmar Hausa: me za mu kira "interface"?

Jama'a, sallama. Kalmar da nake so mu nema wa suna ita ce interface, wadda masu tsara shafukan intanet da manhajojin waya suke kira user interface, su taƙaita su ce UI, idan mutum ne ke hulɗa da na'urar. Manhaja ta zauna daram a bakin mutane, shafi ya zauna, maɓalli da madannai ma ba laifi. Amma wannan, duk inda aka zo kanta a rubutun Hausa sai ka ga marubuci ya yi kwana, ko ya bar ta da Turancinta, ko ya jero kalmomi shida a madadin guda. Wasunku sun riga sun turo shawarwari da tsokaci, zan taɓo su a ƙasa.

Kafin suna, mu san abin da za a raɗa wa. Duk abin da ke tsakaninka da na'ura, wanda kake bi ka ba ta umarni, ita ma take bi ta mayar maka da amsa, shi ake nufi. Akwatin da kake rubuta lambar asusu a ciki, maɓallin da ka danna, 'yar da'irar nan da ke juyawa kana jira, jan rubutun da ke cewa lambar sirri ba daidai ba, har girgizar da waya ke yi a tafin hannunka. Ku riƙe wannan: abin zuwa da dawowa ne. Kalmar da ta ɗauki zuwa ta bar dawowa ba ta yi ba.

Abin da ya fi saurin zuwa baki shi ne "fuska". Larabawa ma hanyar da suka bi ke nan, suna cewa wajiha, daga wajh, wato fuska. Ni dai ban gamsu ba, kuma ga dalilaina.

An riga mu. Idan yarinya ta ce fuskar wayarta ta fashe, kowa ya san gilashi take nufi, kuma wurin mai gyara za ta, ba wurin mai rubuta manhaja ba. Sannan ku gwada fassara cikakken sunan, user interface: "fuskar mai amfani". Bahaushe zai ji fuskar mutum ake nufi, mai ido da hanci. Ga shi kuma "mai amfani" kansa yana da harshen damo, domin a bakinmu abu mai amfani shi ne abin da ke da fa'ida. Shawarata tun yanzu ita ce a sauke wannan ɓangaren gaba ɗaya, kowace kalma muka tsayar.

Amma babban dalilin ya fi waɗannan nauyi. Fuska abin kallo ce, alhali da yawa daga abin da muke magana a kai ba a kallonsa. Makaho da ke amfani da TalkBack a wayar Android, ko VoiceOver a iPhone, yana shafa gilashi da yatsa waya tana karanta masa abin da ya taɓa. Idan mai tsara manhaja ya sa hoton kwando bai rubuta masa suna a ɓoye ba, abin da makahon zai ji shi ne "maɓalli" kawai, bai san na saye ba ne ko na gogewa. Wanda ya kira layin kamfanin waya aka ce ya danna lamba kaza domin Hausa, shi ma yana cikin abin nan, ba tare da ya ga komai ba. Haka dattijon da ke tura kuɗi da ƙaramar waya mai tocila, ya danna tauraro da lambobi, jerin zaɓi ya fito baƙi da fari, ya zaɓi 2, ya zaɓi 1, yana cikin neman takardar da ya rubuta lambar asusu lokaci ya ƙare, a koma da shi farko. Babu hoto, babu launi, amma wani ne ya zauna ya tsara matakan nan, kuma tsarin nasa ne ya wahalar da tsohon.

Wani ɗan'uwa ya ce ina tsawaita zance, suna ai suna ne, ko me aka kira abu aikinsa zai yi. Malam, da ma haka ne. Duk wanda ya taɓa karɓar aikin shafi ya san mai kuɗin da zai bari sai an gama gini sannan ya kira ka ya ce, "zo ka ɗan gyara mana fuskarsa." Abin da yake nufi launi da tambari da hoton shugaban kamfani. In ka ce masa matakan rajista tara sun yi yawa, sai ya ce ba wannan ya kira ka ba. Idan muka tsayar da "fuska" a rubuce, mun sa wa wannan fahimtar hannu, cewa aikin kwalliya ne.

Ga misalin da ya sa nake nacewa a kan dawowar amsa. Ranar 28 ga Maris, 1979, a tashar nukiliya ta Three Mile Island da ke jihar Pennsylvania a Amurka, wani bawul na rage matsi ya buɗe ya ƙi rufuwa, ruwan sanyaya injin yana ta fita. A ɗakin sarrafawa akwai fitilar da ma'aikata ke dubawa game da bawul ɗin, kuma ta nuna musu alamar da suka saba ɗauka a matsayin ya rufu. Ashe fitilar ba halin bawul take faɗa ba, abin da take faɗa shi ne an aika masa umarnin rufewa. Sai da aka haura awa biyu kafin wani ya gane ya toshe hanyar, lokacin ɓarna ta riga ta yi nisa. Allon yana nan tsaf, fitila tana aiki yadda aka haɗa ta. Abin da ya lalace shi ne gaskiyar amsar da na'ura ke ba mutum. Shi ya sa a cikin ƙa'idoji goma da Jakob Nielsen, masanin sauƙaƙa amfani da manhaja, ya fitar a 1994, ta farko ita ce na'ura ta riƙa sanar da mutum halin da take ciki.

Ƙaramin irin wannan muna ganinsa kullum a rumfar mai POS da manhajojin tura kuɗi. Ka danna "aika", maɓalli bai canza launi ba, babu da'ira, babu saƙo. Ka ɗauka bai shiga ba, ka sake dannawa, sai alat biyu. Ko kuma a rubuto maka "an yi nasara" alhali an dai karɓi umarninka ne, kuɗin bai isa wancan asusun ba, kana tsaye mai shago yana duba wayarsa yana girgiza kai.

To, shawarwarin da suka shigo. "Zaure" ta burge ni da farko, tunda nan baƙo ke ganawa da mai gida ba tare da ya shiga ciki ba. Sai dai zaurukan WhatsApp sun cinye ta, in ka ce zauren manhaja za a tambaye ka wa ke admin. "Dandali" kuma ta tafi ga Facebook da 'yan'uwansa tun da aka ce dandalin sada zumunta. "Akala" da "linzami" na juyawa ne kawai, raƙumi ba ya mayar da bayani ta igiya, ga shi wasu sun riga sun ba ɗan ɓeran kwamfuta sunan linzami.

Hajiya da ta kawo "mahaɗa", ke kika fi kowa kusa, kuma da ba a taɓa ta ba da nan zan tsaya. Matsalar ita ce masu rubutu a intanet da dama suna kiran shuɗin rubutun da ake dannawa ya kai ka wani shafi mahaɗa ko mahaɗi. Abubuwan biyu kuwa suna zama a jimla ɗaya sau da yawa. Mai koyarwa zai so ya ce a sa mahaɗi uku a saman abin nan da muke nema wa suna. In duka biyun mahaɗa ne, ɗalibi ya ɓata.

Abin da nake kawowa shi ne "magama".

Ba ƙirƙira ba ce, tsohuwar kalma ce: magamar hanya, magamar ruwa, kamar yadda Lakwaja take magamar Neja da Binuwai. Ginin ta irin na makaranta da majema da mahauta ne, wato wurin da ake yin abu, a nan wurin gamuwa. Gamuwa kuwa ba ta yiwuwa da gefe ɗaya, saboda haka zuwa da dawowar da na ce a riƙe suna cikinta tun asali. Wani abin da ya ƙara min ƙarfin gwiwa, ita kanta kalmar Turancin ba a kwamfuta aka haife ta ba. Tun ƙarni na 19 masana kimiyya ke amfani da ita ga iyakar da abubuwa biyu suke haɗuwa, kamar inda mai ya kwanta a kan ruwa. Daga baya masu kwamfuta suka ara. In mun ari magama, hanyar da suka bi muka bi, da kayanmu.

Kuma ba ta ɗaure da siffa ɗaya ba, wanda yake da muhimmanci domin siffar ba ta zama. An yi zamanin kati mai huda, aka yi na buga umarni a baƙin allo. A Disamba 1968 injiniyan Amurka Douglas Engelbart ya nuna wa taro a San Francisco ɗan ɓeran kwamfuta. Kamfanin Xerox ya fito da tagogi da gumaka, wato ƙananan hotunan da ake dannawa, a na'urar Star a 1981, har da layukan nan uku da ake dannawa jerin zaɓi ya sauko, Macintosh ya kai salon gidajen mutane a 1984, iPhone ya mayar da yatsa abin nuni a 2007. Yanzu ana magana da na'ura da baki. Duk waɗannan sai mu ce magamar rubutu, magamar hoto, magamar taɓi, magamar murya. Har abin da masu rubuta manhaja ke kira API, inda manhaja ke magana da manhaja babu mutum a tsakani, ya samu gurbi: magamar manhajoji. Ku gwada wannan da "fuska" ku ji yadda take tuntuɓe.

Akwai masu cewa a rubuta "intafes" a huta, kamar yadda aka yi wa mota da kwamfuta da intanet. Ba na ƙin aro. Amma mota abu ce da za ka nuna da yatsa, yaro ya gani ya gane. Wannan kuwa ma'ana ce, kuma mai jin "intafes" karo na farko bai ƙaru da komai ba. Na san ma'aikatan fannin za su ci gaba da cewa UI a tsakaninsu, a Kano ko a Kaduna, 'yan'uwanmu na Yamai da Damagaram kuma su faɗe ta da lafazin Faransanci. Ba su nake nema wa kalma ba. Ina nema wa mai gabatar da shiri a rediyo, da malamin da ke koyar da matasa a cibiyar kwamfuta, da wanda zai rubuta ƙorafi ya ce ga inda manhajar ta cuce shi.

Gwajin kalma shi ne a sa ta a bakin aiki. "Magamar nan ta cika cunkoso, a rage maɓallai." "Maɓallin ya yi ƙanƙanta, babban yatsa ba ya samunsa." A nan mai tsara magama zai tuna Apple na ba da shawarar kada wurin taɓawa ya gaza 44 a tsawo da faɗi a ma'auninsu, Google kuma 48 a nasu, kuma tun 1954 masanin halayyar ɗan Adam Paul Fitts ya nuna cewa ƙaramin abu mai nisa ya fi cin lokaci kafin hannu ya same shi. "Rubutun magamar ya dushe, ba a gani a rana." Ƙa'idar WCAG, ta sauƙaƙa shafukan intanet ga masu naƙasa, ta ce bambancin haske tsakanin rubutu na yau da kullum da bayansa ya kai 4.5 bisa 1, kuma duk wanda ya taɓa ƙoƙarin karanta toka-tokan rubutu a tsakiyar kasuwa da azahar ya san ba don ado aka sa lambar ba. Sai wadda ta fi shafarmu: "magamar ba ta karɓar ƙ da ɗ da ɓ." Ka rubuta sunan garinku daidai, akwati ya yi ja ya ce ka sa haruffa na gaskiya, ko ya karɓa ya mayar maka da ɗan murabba'i a wurin harafin. A Nijar ga ƴ, a Nijeriya ga 'y mai waƙafi a sama, wanda wasu akwatunan ke tofarwa. A duk jimlolin nan kalmar ta shige ba tare da na tura ta ba.

Wani malami ya ja hankalina cewa a rubuce, tunda ba ma sa alamar sauti, mai karatu zai iya danganta ta da gama aiki, ya ɗauka ƙarshe ake nufi. Gaskiya ne, Allah ya gafarta malam, akwai wannan. Sai dai muna rayuwa da gari na zama da gari na tuwo a rubutu ɗaya, jimla ce ke raba su. A farkon ambato a rubuta ta cikakkiya, magamar mutum da na'ura, daga nan a ci gaba da magama kawai.

Jinsinta mace ne: magamar, tana, ta yi nauyi. Mai sana'ar shi ne mai tsara magama, aikin kuma tsara magama. Jam'i ne ban yanke ba. Ƙiyasin makaranta da makarantu, ma'aikata da ma'aikatu, yana ba mu magamu, amma kunnena yana jin magamai ta fi sauƙin fita. Mutanen Sakkwato da Katsina da Maraɗi, wanne kuke faɗa idan hanyoyin sun yi yawa?