Kwalbar Naitiros a Cikin Sanyi: A Ɗumama Ta ko A Bar Ta Yadda Take?

Malam Sani, Winifeg, Kanada: Assalamu alaikum jama'a. Na ga Bashir yana cigiyar inda zai sayi bargon lantarki na ɗumama kwalbar naitiros, iskar nan da ake fesa wa inji don ƙarin ƙarfi, don babur ɗinsa na ƙanƙara. Ni shawarata, ƙanena, ka riƙe kuɗinka. Wannan bargo na masu tseren mota ne da rani, su da ke neman gejinsu ya nuna matsin 900 zuwa 950 psi, wato ma'aunin matsin iska. Mu a cikin ƙanƙara muke. Kwalba ta tsaya a 300 ko 400, sai ka buɗa jet ɗin naitiros, wato ɗan ramin da yake fesowa ta cikinsa, ka daidaita na fetur da shi, magana ta ƙare. Damuna da rani kowa da tufafinsa. Hunturu shida ke nan ina haka ban ƙona fistin ko ɗaya ba.

Bashir, Minesota, Amurka: Wa alaikumus salam Malam. Wallahi da irin wannan shawarar na fara bara, kuma ita ta kai ni ga neman bargon. Na ɗaura kwalbata a ƙarƙashin murfin inji. Da safe geji na nuna 350, a kan haka muka daidaita. Muka yi ta yawo har azahar, muka tsaya cin abinci kamar minti 20, zafin salansa ya taru a ƙarƙashin murfin. Ban duba geji ba. Da muka hau kan tafki na danna maɓalli, babur ya yi wani irin tashi da bai taɓa yi ba, na ji daɗi na daƙiƙa uku ko huɗu, sai sauti ya canza, inji ya mutu. Da na leƙa, geji yana kan 700 da wani abu, bayan ma na riga na fesa. Na kwance fulogi, bakinsa fari fat kamar alli, ga ɗige-ɗigen alminiyam a manne a jiki, ɗan ƙarfen da ke lanƙwashe a kai ya narke rabi. Da igiya aka jawo ni gida.

Malam Sani: Allah Ya mayar da alheri. Amma ka faɗi laifin da bakinka: kusa da salansa ka ajiye ta. Tawa a bayan kujera take, a fili, iska na kaɗa ta. Ba ruwanta da zafin inji.

Injiniya Hadiza, Edmanton: Malam, ku ba ni dama in sa lissafi a ciki, don kada mu yi ta ja a kan abin da za a iya aunawa. Abin da ke cikin kwalbar nan ruwa-ruwa ne, da tururinsa a samansa. Muddin akwai sauran ruwan, matsin da geji ke nunawa ba ya bin yawan abin da ke ciki, zafin kwalbar kawai yake bi. A digiri 29 na Salshiyos wajen 920 psi ne. A digiri 21, wajen 760. A digiri 10, wajen 590. A sifili, 460. A 7 ƙasa da sifili, wajen 390. A 18 ƙasa da sifili, wajen 280. In sanyi ya kai 29 ƙasa da sifili, wanda ku mutanen Winifeg kun saba gani a Janairu, da ƙyar ya wuce 200.

To ku duba kwalbarku da ke fili. Ranar da kuka fita da safe a 18 ƙasa da sifili, rana ta ɗaga zuwa 7 ƙasa da sifili, matsi ya tashi daga 280 zuwa 390. Ƙarin fiye da kashi ɗaya cikin uku ke nan. Abin da ke wucewa ta ramin jet ba ya ƙaruwa daidai da matsi, ya fi kusa da bin tushen murabba'insa, saboda haka naitiros ɗin da ke shiga inji ya ƙaru da kusan kashi 15 zuwa 18 cikin ɗari. Shi kuwa jet ɗin fetur bai san an yi ba, abin da yake bayarwa da safe shi yake bayarwa da azahar. Kuma ban sa hasken rana da ke dukan kwalba a lissafin ba.

Malam Sani: Shi ya sa nake barin fetur ya ɗan yi yawa, Injiniya. Ina daidaitawa ne da zafin azahar, ba na asuba ba.

Injiniya Hadiza: Wannan dabara ce mai kyau, kuma ina jin ita ta kare ku shekara shida. Amma ma'anarta ita ce da safe kuna ƙona naitiros mai tsada ba ku samun ƙarfin da kuka biya.

Mamman, Kebek: Ku gafarce ni, ni sabo ne a harkar, bana na sayi babur ɗin ƙanƙara ƙirar Ski-Doo na hannu. Me ya sa ƙarancin fetur ke narkar da fistin? Na ɗauka in mai ya yi kaɗan inji mutuwa kawai yake yi.

Malam Sani: Mamman, ka tuna ƙaramin janareton nan na gida da ake haɗa masa fetur da baƙin mai, ko tsofaffin baburan acaɓa masu hayaƙi? Yawancin baburan ƙanƙara na hawa dutse da na tsere irin wannan injin ne, mai bugu biyu. Duk zagayen karanshaf ɗaya sai ya yi wuta, fistin ba ya samun hutu. Fetur ɗin da ke shiga ba ƙonewa kawai yake yi ba, yana sanyaya kan fistin. Shi naitiros ba ya ci da wuta da kansa. In ya shiga silinda ya kai zafin wajen digiri 300 sai ya rabe, ya saki iskar oksijin. Kashi 36 cikin ɗari na nauyinsa oksijin ne, alhali iskar da muke shaƙa kashi 23 ce a nauyi. In oksijin ya yi yawa, fetur bai kai ba, wutar sai ta yi zafin da alminiyam ba zai iya ɗauka ba. Jamusawa a Yaƙin Duniya na Biyu sun riƙa fesa shi a injin jiragen yaƙinsu don su samu ƙarfi a can sama inda iska ta yi siriri, kuma dalilin da ya sa masu hawa duwatsun Rebelstok na Kanada ke son sa ke nan.

Bashir: To Malam, ga abin da ya sa na koma wajen bargo. In na daidaita jet a kan 900, bargo ya lalace ko fiyus ya ƙone, matsi zai faɗi, fetur ya rinjayi naitiros, mafi munin abin da zai same ni fulogi ya yi baƙi, inji ya shaƙe. In kuwa na daidaita a kan 350, duk wani abin da ya ɗumama kwalbar, rana ce, salansa ce, ko kwana a gareji mai hita, fistin ne zai biya. Tsarin farko in ya gaza fulogi zan saya. Na biyu in ya gaza sai an sauke inji. Na ɗanɗana na biyun.

Malam Sani: Maganarka tana da ƙarfi, ban musa ba. Amma kada ka raina shaƙewar inji. A kan tafki ba komai, ka tsaya ka canza fulogi. A tsakiyar gangaren dutse fa? Ka dogara da ƙarin ƙarfin nan ya ƙarasa da kai sama, ka danna, inji ya yi tari, gudu ya karye, babur mai nauyin fiye da kilo 200 ya juyo da kai. Kuma fetur in ya taru a hanyar shan iska tare da naitiros, yakan yi ƙara ta baya ya fasa akwatin iska. Na ga wanda aka tsinto gutsattsarin robarsa a kan ƙanƙara.

Sannan ina za ka samo wutar? Bargon da na taɓa gwadawa na mota ne, wat 240. A kan bolt 12, amfiya 20 ke nan. Kwayil ɗin babur ɗinka yana ciyar da fitila, da famfon mai, da kwamfutar inji, da hitar hannu, da ta babban yatsa. Wasu baburan dutse ma ko batir babu, igiya ake ja. Na kunna bargon fitila ta dushe, hannuwana suka daskare, kwalba kuma bayan rabin awa ba ta kai 600 ba, don iskar gudu tana kwashe zafin da sauri fiye da yadda bargo ke zubawa. Shi ya sa na ce ɓarnar kuɗi ne. Ba da ka na faɗa ba.

Bashir: Kun lulluɓe ta kuwa a saman bargon?

Malam Sani: A'a, ban lulluɓe ba.

Bashir: To ai nan ne, Malam. Wani dattijo Bature da muke fita tare, nasa ƙaramin bargo ne, ya naɗe shi da soso mai kauri, ya sa a jakar bayan kujera. Tun a gida yake ɗumama ta kafin ya ɗora babur a tirela, aikin bargon riƙewa ne kawai. Kuma makunninsa da matsi yake aiki, in ya kai inda ya saita sai ya yanke wuta. Akwai kuma masu zagaya tiyon ruwan sanyaya inji a jikin kwalba, ba sa taɓa lantarki.

Injiniya Hadiza: Na ruwan inji yana buƙatar bawul da zai tsayar da shi, Bashir, don ruwan yakan wuce digiri 40. Naitiros kuwa da ya haura digiri 36 da ɗigo 4 ya daina zama ruwa gaba ɗaya, matsi ya wuce 1,050, daga nan jet ɗinka ba ya auna abin da kake zato. Kuma akwai wuri guda da ba mu taɓa ba wanda ke goyon bayan Malam Sani. Da ka fara fesawa, ruwan da ya rage yana tafasa don ya cike gurbin da aka bari, tafasar tana sanyaya kwalbar. Kwalbar babur ƙarama ce, kilo ɗaya ko biyu, cikin 'yan daƙiƙu allurar geji take sauka. Babu bargon da zai kamo wannan. Duk wanda ya taɓa ganin raɓa ta kwanta a jikin tukunyar gas ana tsakiyar girki ya ga abin da nake nufi.

Mamman: Wani maƙwabcina a nan ya ce shi ba bargo ba komai, iskar naitirojin yake turawa a saman kwalbar.

Injiniya Hadiza: Wannan ita ce hanyar da ta fi riƙe allura wuri ɗaya. Naitirojin ba ya zama ruwa a irin wannan sanyin, saboda haka ƙaramar kwalbarsa da na'urar daidaita matsi suna iya danna naitiros a 900 ko 1,000 tun daga farkon fesawa har ƙarshe. Amma a kula da abu biyu. Ruwan naitiros mai sanyi ya fi mai ɗumi kauri: a sifili lita ɗaya ta kai giram 900, a digiri 30 ba ta kai 700 ba. Wato 900 psi na kwalba mai sanyi da aka tura da naitirojin ya fi 900 psi na kwalbar da aka ɗumama yawan naitiros. Wanda ya ɗauki jadawalin jet na masu bargo ya yi aiki da shi a nan, zai samu fulogi irin na Bashir. Na biyu, in ka shigo da kwalbar gareji mai ɗumi da naitirojin a cikinta, matsinsa zai haɗu da na naitiros da ke tashi. A rufe bawul, a ajiye ta a sanyi. Kuma wasu masu shirya gasa ba sa yarda da shi, a karanta dokarsu tukuna.

Alhaji Garba, Toronto: 'Ya'yana, ni ba na hawan abin nan, amma na yi shekaru ina aiki da tukwanen iska a masana'anta, kuma ina karanta ku hankalina ba a kwance ba. Duk wanda ya gaji da jiran bargo, shaiɗan zai raya masa ya haska wa kwalba wutar walda ko ya jingina ta da murhu. Don girman Allah kada ku yi. Kwalbar alminiyam in zafi ya wuce wajen digiri 175 ƙarfinta ya tafi, kuma ba za ka gani da ido ba, sai ranar da ta tashi. Ruwan ɗumi wanda hannu ke iya jurewa ya isa. Sannan masu cika kwalba sukan sanyaya ta don ta sha da yawa. In aka wuce nauyin da aka rubuta a jikinta, ta zo ta ɗumama, ruwan ya kumbura ya cike ta, babu sauran wuri. Ɗan faifan kariya da ke bawul sai wajen 3,000 psi yake fashewa, kuma abin da zai feso yana sanyin digiri 88 ƙasa da sifili, ya taɓa fata ya ƙona ta. Kada a bar ta a cikin mota a rufe, kada a kwana da ita a ɗaki. A sa ta a sikeli bayan kowane ciko, geji ba zai gaya muku ta cika ko ba ta cika ba.

Malam Sani: Mun ji, Baba Alhaji, Allah Ya saka da alheri. Ni dai har yanzu ina kan bakana a wuri ɗaya: mai gajeren tsere a kan tafki, wanda zai dubi geji kafin kowane tashi, yana da jet kala uku a aljihu, ba ya buƙatar bargo. Amma mai yawon yini guda irin Bashir, na yarda tsarina ba nasa ba ne, don ba zai riƙa tsayawa yana canza jet duk sanda rana ta motsa ba. Kuma na yarda ban yi wa bargon adalci ba tunda ban lulluɓe shi ba.

Bashir: Na gode Malam. In Allah Ya kai mu hutun ƙarshen wata zan tsallako lardinku na Manitoba da babur ɗin. Mu gwada kwalbata a lulluɓe da taku a fili, mu rubuta abin da geji ya nuna ƙarfe 8 na safe, da 12, da 3 na yamma, kafin fesawa da bayanta.

Malam Sani: Ka zo da sababbin fulogi guda shida, don tsoho ba ya karantuwa. Sikeli ina da shi a gareji. Injiniya, ki turo mana jadawalin nan na zafi da matsi cikakke, in buga shi in manna a jikin tankin mai.