Neman kalma: me za mu kira folish ɗin inji da Hausa?

Mai wankin mota, Ƙofar Ƙaura:
Salamu alaikum jama'a. Dan Allah masu fenti da masu Hausa a baki ku taimaka min da suna. Aikin nan da ake sa inji mai juyawa a bi jikin mota a fitar da ƙananan ƙwarzane da dishi-dishin da fenti ke yi har mota ta dawo tana ɗaukar ido, me za mu kira shi da Hausa? Kowa folish yake cewa, wasu su ce bofin, to damuwata ita ce folish ɗin nan ta haɗe aiki biyu da ko hanya ba su haɗa ba. Akwai wanda yaro zai lakato kaki a gwangwani ya shafa da soso ya bi da tsumma, kafin ka gama shan shayi an gama, mota ta yi ƙyalli amma ƙwarzanen yana nan daram, kakin ne kawai ya cike shi, ana wanke ta da omo sau biyu sau uku zai dawo. Akwai kuma na inji da mutum zai wuni a kan mota ɗaya, shi wannan in ƙwarzane ya tafi ya tafi ke nan. Duk biyun sunansu folish. Sai mai mota ya zo ka faɗa mishi kuɗin na biyu ya ce ai a bakin tasha ma ana yi da kuɗin kati, shi kuma wanda aka yi wa na farko da kuɗin na biyu ya tafi yana cewa duk masu folish macuta ne. Ina son sunan da mai mota na ji zai san wanne ya saya.

Malamin Hausa, Daura:
Wa alaikumus salam. Kafin mu zuba kalmomi a bari wanda ya san aikin ya faɗa mana me injin yake yi wa fentin, don ba a raɗa wa jariri suna ba a gan shi ba. Ni dai abin da ya fara zo min shi ne gugar fenti ko fito da sheƙi.

Tsohon mai fenti, Ƙofar Ƙwaya:
To Malam bari in warware maka. Fentin motar zamani hawa-hawa ne, akwai shimfiɗar ƙasa mai ruwan toka da ke kama ƙarfe, sai kala, sai a rufe da wani fenti garai-garai marar launi da muke cewa kiliya, ita ke ba da sheƙi ita ke tare rana. Duka hawan nan in daga kamfani ne kaurinsu bai cika wuce maikiron 100 zuwa 150 ba, maikiron kuwa milimita ɗaya ce a raba ta gida dubu, wato duk fentin motarka kusan kaurin takardar fotokofi guda ne, kiliya kanta kuwa wajen 35 zuwa 50. Yawancin ƙwarzanen da kuke gani a cikin kiliyar nan yake, ko kalar bai taɓa ba. Inji ba ya cike ƙwarzane, wannan shi ne abin da mutane suka kasa ganewa. Man da ake ɗigawa a soson yana da gari mai kaifi a ciki, laushinsa ya fi na bula, shi ke cin kiliyar da ke gefe da gefen ƙwarzanen har ta sauko daidai da gindinsa, wuri ya zama bai ɗaya, haske ya daina watsewa, sai ido ya ga sheƙi. Saboda haka duk sunan da za ku sa dan Allah ya nuna cewa ana rage wani abu a jikin mota wanda ba ya tsirowa. Ni Malam gugar fenti ba ta yi min ba, yaron da ke bin mota da busasshen tsumma kullum da safe shi ma guga yake yi, kuma shi ne ma yake jawo ƙwarzanen.

Wata Hajiya, Katsina:
Baba tsaya, goge mota da safe shi ke ɓata ta? Ni motata baƙa ce kullum sai an goge min ita kafin in fita, yanzu in ta tsaya a rana sai ka ga wasu zare-zare sun kewaye hasken kamar saƙar gizo.

Tsohon mai fenti:
Shi ne Hajiya. Ƙurar hunturun nan da iska ke kwasowa daga wajen Chadi ta haɗu da yashin garinmu, yashi kuwa ya fi gilashi tauri balle fenti, in aka ɗora busasshen tsumma a kai aka murza to sanfefa aka sa wa motar. A baƙar mota ya fi fitowa ne kawai, fara ma tana da shi. A fara kwara ruwa ƙurar ta sauka kafin hannu ya taɓa, kuma a daina omo, akwai sabulun mota. Sunan da kika faɗa ma ya zauna, saƙar gizo, a bar shi haka kada a ce yanar gizo yara su ɗauka intanet ake nufi.

Ɗalibin Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua:
Ni a ganina a bi yadda Turawa suka sa, sunan da suke kiran aikin in ka juya shi gyaran fenti ne. Ko kuma bugun mota, tunda shadda ma sai an kai ta wajen masu bugu take sheƙi.

Mai wankin mota:
Ƙanena gyaran fenti in ka faɗa a Katsina kowa zai ɗauka foti za a sa a fesa sabo, aikin fanel bita da mai fenti ke nan, kuɗinsu ma daban. Bugu kuwa ya yi daɗi a baki amma ka dubi maganar Baba, mai bugu danne zare yake yi ba ya rage komai a jikin shadda, ga shi kuma in ka ce an bugi mota gaban mai ita faɗuwa zai yi.

Direban Jibiya zuwa Maraɗi:
Mu dai da munka taso kankara muka sani, a ce kankarar fenti mana, tunda an ce ci ake yi.

Malamin Hausa:
Kankara ta yi nauyi, ita ake yi in za a tuɓe fenti gaba ɗaya har ƙarfe. Na janye guga, na kuma janye fito da sheƙi don na lura sakamako ta faɗa ba aiki ba, mai kakin gwangwani ma zai ce ya fito da sheƙi kuma bai yi ƙarya ba. Da na sake karanta bayanin Baba kalma ɗaya ce ta tsaya min, washi. Wuƙa in ta dakushe a dutse ake wasa ta, ba a ƙara mata komai, daga jikinta ake ci kaɗan-kaɗan har bakin ya daidaita, ana farawa da dutse mai kaushi a ƙare da mai laushi, kuma duk mahauci ya san wuƙar da ake yawan wasawa sirancewa take yi har ta ƙare. Babu Bahaushen da za ka ce wa washi bai ji waɗannan abubuwan a ciki ba. Ina ba da shawarar washin fenti, inji ya zama injin washi, mai aikin mai washin fenti. Na kakin kuwa sunansa na nan tun tuni, shafe.

Tsohon mai fenti:
Allah ya ƙara sani Malam, wannan ta shiga. Har matakan ma haka suke. Akwai mai na farko mai kaushi, kwamfawun muke ce mishi, da soson ulu ko soso mai tauri ake sa shi, shi ke cinye ƙwarzanen amma yana barin nashi hazon, sai a canza soso mai laushi da mai mai laushi a bi baya a share hazon. In ƙwarzanen ya ɗan yi zurfi a kan fara da sanfefar ruwa mai lamba 2000 ko 3000 kafin inji. Kuma maganar sirancewa gaskiya ce, kowane zagaye na mai kaushi yana tafiya da 'yan maikiron, masu aikin kan ce duk rayuwar mota kada a ci fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na kiliya, don sinadarin da ke kare kala daga rana a cikinta yake, ranar Katsina kuwa ba sai na faɗa muku ba. Wanda ke kai motarsa inji duk sallah ya sani kiliyarsa yake cinyewa.

Mai sayar da motocin Kwatano:
Ni ina da ja. Washi da kawash ai kusan ɗaya ne a kunne, mutum zai ga allo ya ɗauka wankin mota ne da Turanci ya shigo da kuɗin wanki. Na biyu kuma washi kaifi yake kawowa ba sheƙi ba, mota ba ta yanka komai.

Malamin Hausa:
Alhaji ja na farko yana da ƙarfi, shi ya sa ba za a rubuta washi shi kaɗai ba, kullum da fenti a manne, washin fenti, ba wanda ke cewa zai kai mota wankin fenti balle a ruɗe. A baki kuma wasalin dogo ne, ba ya kama da na kawash. Na biyun kuwa ai kalma in ta shiga sabuwar sana'a ba dukkan kayanta take ɗaukowa ba, muna cewa wasa ƙwaƙwalwa, muna cewa maroƙi ya wasa sarki, ba wanda ya nemi kaifi a can. Abin da muke so ta ɗauko shi ne ci daga jiki, kuma ta ɗauko.

Mai sayar da motocin Kwatano:
To na ji, amma ni a fili zan ci gaba da cewa folish don shi masu saye suka sani.

Mai wankin mota:
Ba laifi Alhaji, folish ba za ta mutu yau ba, amma in mai saye ya tambaye ka wanne aka yi, shafe ko washi, to yanzu akwai amsa. Kuma akwai yadda ake ganewa, a samu sifirit a sirka da ruwa a goge ɗan wuri kamar tafin hannu a ƙofa a haska tocilar waya, in shafe ne saƙar gizon za ta bayyana nan take, in washi ne wurin zai tsaya yadda yake. Baba saura sauran kayan aikin. Soson da ake manna wa inji ni faifai nake so mu ce, faifan soso da faifan ulu, tunda zagayayye ne. Matakin farko ci, na biyu lailaya, mai kuma man ci da man lailaya.

Tsohon mai fenti:
Sun yi ɗana. Kiliya dai a bar ta kiliya, kowane yaron gareji ya san ta, ba sai an wahalar da mutane ba. Abin da nake so ku riƙe shi ne ba kowane ciwo washi ke warkarwa ba. Ka ja farce a kan ƙwarzane, in farcen ya maƙale to ya yi zurfi, sai dai a rage mishi kaifin baki ya daina ɗaukar ido. Ka zuba ruwa, in ya ɓace yana jiƙe ya dawo da ya bushe to a kiliya yake, zai fita. In kana hango toka-toka ko ƙarfe a gindinsa wannan aikina ne ba na inji ba. Haka motar da rufinta da bonet suka yi fari-fari suna ɓarewa, wannan kiliya ce ta mutu take saɓa, in ka sa inji ƙara ɓare ta za ka yi. Tsofaffin motoci kuma irin fijo 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975, da yawansu kala ce zalla ba kiliya a sama, kana sa inji za ka ga faifai ya rine da launin motar, kada ka tsorata haka suke, har wasu fararen Toyota na baya-bayan nan haka ne.

Ɗalibin jami'a:
Baba to inji iri biyu da nake gani a bidiyo fa, su ma a ba su suna.

Tsohon mai fenti:
Ɗaya juyi kawai yake yi a wuri guda, irin Makita ɗin da ke hannun yawancinmu, yana da ci yana da sauri amma yana tara zafi, in ka tsaya da shi a kan kusurwar ƙofa ko bakin bonet inda fenti ya fi siranta kafin ka ƙifta ido ya huda kiliya, bamba ta roba ma ta fi saurin ƙonewa don ba ta sakin zafi kamar ƙarfe. Ɗayan yana juyi yana karkarwa lokaci guda, bai kai wancan ci ba amma da wuya ya ƙona, shi ya dace da mai koyo. Ku ce mai juyi da mai karkarwa. Mai juyi a hannun wanda bai ƙware ba yana barin wasu layuka masu walainiya da ke bin ka in kana zagaya mota a rana, wannan sawun inji ne, man lailaya da mai karkarwa ke share shi. Kuma kada a yi washi a tsakar rana bonet na zafi, man bushewa yake yi ya zama gari, a nemi inuwa, a wanke motar tas tukuna, a bi bakin roba da kusurwoyi da salatif ɗin takarda kafin a kunna inji.