Mi za mu ce wa vagabondage mental da Hausa?

Mai fassara, Yamai: Salamu alaikum malamai. Ana shirya takardar bayani ga masu ɗaura na'urar goshi mai auna wutar ƙwaƙwalwa, irin Muse, lokacin zaman natsuwa. Abin da Faransawa ke kira vagabondage mental, wato hankali ya bar abin da ake yi ya tafi wani tunani, shagala za a sa ko waswasi?

Malamar Hausa, Tawa: Waswasi kam a'a, da an ji shi sai a tuna salla da Shaiɗan. Shagala kuma wani abu ne daga waje ke jan mutum, kiran waya ko hayaniyar yara. Wannan daga ciki yake tasowa. Akwai saƙar zuci, amma mai saƙa sau da yawa yana sane.

Ma'aikacin awon ƙwaƙwalwa, Yamai: Hajiya ta taɓo wurin. Ku dubi yadda ake awon. Mutum na ƙirga numfashi daga 1 zuwa 10, ya koma farko. Da ya gane ƙirgar ta kuɓuce mishi sai ya danna maɓalli. Haka masana biyu, Braboszcz da Delorme, suka yi a binciken da suka fitar a 2011: kafin dannawa, igiyar wutar ƙwaƙwalwa da ake kira teta, mai kaɗawa sau 4 zuwa 7 a daƙiƙa, ta ƙaru, wadda ake kira alfa kuma ta ragu. Ke nan abu biyu ne, tafiyar hankali ba a sani ba, da lokacin ganewa. In kalma guda ta haɗa su, abin da za a koya wa kwamfuta ta riƙa ganewa daga awon ya cakuɗe. A yanki awon daƙiƙa 10 kafin dannawa, a zubar da 2 na ƙarshe, don shirin motsa hannu ya riga ya shiga.

Mai fassara: Gushewar hankali fa?

Malamar Hausa: Wannan hauka ne ko suma, malam. Na farkon a ce yawon hankali, mai yawo ai yana dawowa. Na biyun farga.

Ma'aikacin awo: Na yarda. Amma a rubuta cewa gyangyaɗi ba yawon hankali ba ne, don shi ma yana ɗaga teta, kuma Muse maɗaukan wutar ƙwaƙwalwa huɗu kawai gare ta, biyu a goshi, biyu bayan kunnuwa, rarrabewar da wuya. Kada a yi awo bayan cin tuwon rana. Ƙifta ido da cije haƙora sun fi wutar ƙwaƙwalwa ƙarfi nesa ba kusa ba, a cire wuraren. Da hunturu fata na bushewa, a ɗan jiƙa goshi da ruwa. A kuma nisanci abin da ke jone da wutar gida, kaɗawarta 50 a daƙiƙa na shiga awon.

Mai fassara: An sa yawon hankali da farga, gyangyaɗi da layinshi dabam. Allah shi saka.