"Eminent domain": ƙwace ne ko sayen tilas?

Masu fassara da 'yan jarida, ku zo mu daidaita kan wannan kalma. A Amurka akwai ƙananan hukumomi da aikinsu kawai ruwan famfo da magudanan ruwan datti na yanki ɗaya, irin waɗanda suka cika jihohin Texas da Tennessee. Dokar jiha kan ba su ikon da ake kira eminent domain: idan aikin jama'a ya buƙaci filinka, za su karɓa ko ba ka so, amma sai sun biya ka.

Abu uku ne a ciki: tilas, amfanin jama'a, da diyya. Gyara na 5 na kundin tsarin mulkin Amurka, tun 1791, ya hana a ɗauki dukiyar mutum don amfanin jama'a ba tare da diyya ta adalci ba.

Sau da yawa ana rubuta "ƙwace fili". Ni ban yarda da ita ba. Mai ƙwace ba ya biya, kuma ba ya zuwa gaban alƙali. Bahaushe na jin an ce hukumar ruwa ta ƙwace gonar wani, ya gama yanke hukunci cewa zalunci ne, tun bai ji shari'ar ba. Wani lokaci zaluncin ne kuwa, amma labarin ne ya kamata ya nuna haka.

"Tashi" fa? Muna cewa an tashi unguwa an biya diyya. Ta dace da madatsar Quabbin a Massachusetts, inda aka tashi garuruwa 4 a 1938 don Boston ta sami ruwan sha. Sai dai yawancin aikin waɗannan hukumomi bai kai nan ba. Bututu ne za a binne ta gefen gonarka, kana nan a gidanka, gonar taka ce, amma ba ka da damar yin gini a kansa, kuma ma'aikata za su shigo gyara duk sanda ya fashe. Wannan sai mu ce haƙƙin ratsawa.

"Karɓe fili" ma ta gaza, domin ba kullum fili ba ne. A yankin Monterey na California, masu zaɓe sun amince a 2018 hukumar ruwansu ta nemi mallakar harkar ruwan da ke hannun kamfanin California American Water, a 2023 kuma ta kai maganar kotu. Abin da ake nema a nan bututai ne da rijiyoyi da tankuna.

Shawarata: ikon sayen tilas. "Saye" ta ɗauko biya, "tilas" ta ɗauko rashin zaɓi. Na san malamai za su ce ciniki sai da yardar juna. Gaskiya ne, shi ya sa aka jingina masa "tilas", kamar yadda muke cewa auren dole.

Kada kuma mu haɗa ta da abin da ke faruwa a Najeriya. A ƙarƙashin dokar filaye ta 1978 ƙasa amana ce a hannun gwamna, izinin zama yake sokewa, diyyar kuma ta gini ce da shuka. Wancan soke izini ne.

Ga yadda zan rubuta: "Hukumar ruwan yankin ta yi amfani da ikon sayen tilas don shimfiɗa bututu." 'Yan'uwa na Nijar, yaya gidajen rediyonku ke fassara expropriation, wato sunan irin wannan iko da Faransanci?