Zuwa kallon tseren motoci na Formula 1 a filin Silverstone da ke Ingila: wane shiri ake yi?

Baban Amira: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mai son zuwa Silverstone a watan Yuli, wane tikiti ya fi, kuma me zai riƙa?

Ɗan Birni: Wa'alaikumussalam Malam. Ka sayi na kwana 3: Juma'a atisaye, Asabar neman gurbin tashi, Lahadi babban tsere, zagaye 52, kowanne kilomita 5.891. Idan da hali, nemi kujera a kwanar Becketts. A nan motoci ke karya hagu da dama a guje, kallon ya fi ko'ina daɗi a wurina. Tikiti mai araha ba shi da kujera, sai ka yi sammako ka kama wuri da kujerarka ta ninkewa.

Hajiya Maman Sadik: Sufuri ne ke kayar da mutane. Babu tashar jirgin ƙasa a Silverstone. A Milton Keynes ko Northampton za ka sauka ka hau bas, kuma ka kama kujerar bas ɗin tun da wuri. Mai mota kuwa, hanyar A43 kan cushe da yammacin Lahadi, kada ka sa jirgin komawarka a daren.

Ɗan Birni: Gaskiya ne Hajiya. Ga kuma ruwan saman Ingila, yakan sauko ko a Yuli, filin ciyawa ya zama taɓo. Riƙi rigar ruwa maimakon lema, don lema na tare wa na baya. Sai takalmi mai ƙwari, abin toshe kunne musamman ga yara, da power bank. Ka sauke tikitinka a waya tun daga masauki, domin taro na sa sabis ya yi rauni a bakin ƙofa.